Kafin ka kai wuƙarka baje koli

Ƙannena matasan maƙera na Damagaram, kuskuren da ya fi ci mana kuɗi da mutunci shi ne ɓata kwana uku a kan adon ƙota da kube, sannan a ba wuƙa ruwa, wato a gasa ta a tsoma a mai don ta yi tauri, cikin gaggawa. A Kasuwar Dole ko a rumfar baje koli ado ne ke tsayar da mai wucewa, amma idan bakinta ya karye a kan ƙashin ragon Layya, sunanka mai ita zai kama.

Fara da ƙarfe. Rodin gini ba abin dogara ba ne, wani ya yi tauri, wani ya ƙi. Sifirin mota ya fi, amma tsoho yakan ɓoye tsaga. Goge shi, ka duba kusa da ramin ƙusa, in ka ga layi kamar gashi, yanke wurin ka yar.

Bayan ka gama ƙira, kada ka zarce da ita cikin mai. Gasa ta ta yi ja, ka bar ta ta huce a iska, har sau uku. Wuta mai yawa wajen ƙira tana barin ƙwayoyin cikin ƙarfe da girma, irin wannan kuwa ƙaryewa yake kamar ƙuli-ƙuli. Ka kuma bar wa bakin kaurin milimita 1. Mun sha fiƙe shi sirit da magagari tun kafin ruwa, ya fito a karkace ko a tsage.

Yanzu ga inda aikin yake. Kada ka ba wuƙa ruwa da tsakar rana a fili, domin hasken rana na ɓoye jan ƙarfe, sai ka ga kamar bai yi ba alhali ya wuce. Bari sai almuru, ko ka shiga inuwa mai duhu. Gawayin ƙirya ya fi riƙe wuta, ka yi zuga a hankali, tsini a gefen wuta don shi ke fara ƙonewa. Ɗaure maganaɗisun tsohuwar sifika a kusa: ƙarfe na daina kama shi a wajen digiri 770. Daga nan ƙara masa ɗan ja kaɗan, ka tsoma nan take. Ruwan sanyi tsaga sifirin yake, mun yi asarar wuƙaƙe da yawa kafin mu yarda. Yi amfani da man gyaɗa kamar lita 3 a gwangwani mai zurfi, ka ɗumama shi da guntun ƙarfe mai zafi har ya kai ɗumin da yatsa zai iya jurewa. Tsoma ta a miƙe, motsa ta sama da ƙasa, ban da gefe da gefe. Ajiye murfi kusa saboda mai na iya kamawa.

Gwada da magagari: in ya zame bai ci ba, ta yi tauri. Amma a haka gilashi ce. Goge gefe guda ya yi fari, ɗora bayanta a kan ƙarfe mai zafi, ka zuba ido. Da bakin ya yi launin busasshen kara, wajen digiri 200 ke nan, ɗauke ka sanyaya. In ya yi shuɗi, ya yi laushi, sai a sake daga farko. Haka injin gurza ke ɓata aiki: duk shuɗin da ya fito a baki wajen washi, taurin wurin ya tafi. Riƙa tsoma ta a ruwa bayan kowane ja biyu.

Icen ƙota kuma sai wanda ya bushe sarai, in ba haka ba hunturu zai tsuke shi, ƙusa ta yi sako-sako.

Dukawanmu sun iya kube, babu musu, sai dai fatar da aka jeme da bagaruwa tana baƙanta ƙarfe in ta sami laima. Shafa wa wuƙa mai, ka ajiye ta a wajen kube har ranar tafiya, musamman da damina. A rumfa shimfiɗa su a kan ƙyalle, bakin na kallonka. Ware guda ɗaya ta gwaji tare da igiya da guntun ice, ka bar mai saye ya yanka da hannunsa. Buga alamarka kusa da ƙota tun ƙarfe na da zafi, domin bayan ruwa ba za ta hau ba.