Katin Vitale da abin da ba ya biya: yadda na shiga inshorar lafiya a Faransa

Kafin in tashi zuwa Faransa aiki, duk wanda na tambaya game da asibiti amsa ɗaya yake ba ni: ai can magani kyauta ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma wanda ya riƙe ta haka zai sha mamaki ranar da ya fara zama gaban likita. Inshorar gwamnati tana ɗaukar kaso mafi tsoka. Ragowar kuwa, ko dai aljihunka ya ɗauka, ko wata inshora ta biyu mai cike giɓi, wadda suke kira mutuelle.

Shiga ta gwamnati bai ba ni wahala ta fuskar haƙƙi ba, domin mai aiki bisa ƙa'ida yana da haƙƙinsa tun ranar da ya fara aiki. Wanda ya zo ba da aiki ba, a dokar da ta fara aiki a 2016, sai ya nuna ya yi wata 3 yana zaune a ƙasar da takardun zama, sai dai waɗanda aka ɗauke wa wannan sharaɗi, kamar ɗalibai da 'yan gudun hijira. Haƙƙi daban, kati a hannu daban. Na haɗa fasfo, takardar izinin zama, kwangilar aiki, lambar asusun banki da takardar haihuwa, na kai ofishin inshorar lafiya na yankinmu. Takardar haihuwar nan ita ce ginshiƙi, don da ita ake gina lambarka ta dindindin mai alƙaluma 15, wadda ke farawa da 1 ga namiji, 2 ga mace, a tsakiyarta kuma 99 ga wanda aka haifa a wata ƙasa. In za ka taho, ka zo da cikakkiya mai ɗauke da sunan uwa da uba, kuma ka duba rubutun sunanka ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi. Tawa ba da Faransanci take ba, sai da na kai wa mai fassara wanda kotu ta rantsar.

Lambar wucin gadi aka fara ba ni, katin Vitale kuwa, wato katin inshorar gwamnati da ake miƙa wa likita ko kantin magani, sai bayan watanni. A wannan tsakanin, in na ga likita, ni nake biya gaba ɗaya, shi kuma ya cika mini wata takardar shaidar jinya, in sa hannu in aika ta gidan waya. Kada ka yar da ko ɗaya. Ana karɓarsu har shekara 2. Ambulan guda na ware musu. Wanda kuma sharaɗin wata 3 ya hau kansa, ya sayi inshorar matafiya ko ta kamfani ta riƙe shi, don kwana ɗaya a gadon asibiti ba tare da komai ba yana iya cinye guzurin mutum.

Inda abin yake da sarƙaƙiya shi ne lissafin kaso. Tun Disamba 2024, ganin likitan gama-gari mai bin farashin gwamnati yuro 30 ne. Gwamnati tana mayar da kashi 70 cikin ɗari, wato yuro 21, sai ta cire yuro 2 da kusan kowane baligi yake bayarwa a duk ganin likita. Yuro 19 ke shigowa asusunka. Yuro 9 na mutuelle ne in kana da ita, 2 ɗin nan kuwa naka ne, kusan babu inshorar da ke biyan su. Har nan lissafi mai sauƙi ne.

Sai na je wurin likitan fata. Na biya yuro 70 da katin banki, na fito ina lissafin kashi 70 cikin ɗari na 70. Abin da gwamnati ta mayar mini yuro 14 ne da santim 10. Washegari na nuna wa wani dattijo da muke aiki tare, wanda ya yi shekaru a ƙasar. Ya gyara tabarau, ya dubi takardar, ya ce, "Ɗana, kafin ka shiga ka tambayi rukunin likitan?" Na ce, "Baba, wane rukuni kuma?" Ya ja kujera ya zauna.

Ga abin da ya koya mini. Likitocin rukuni na 1 suna bin farashin da aka yi yarjejeniya a kai. Na rukuni na 2 suna da damar ɗora nasu. Gwamnati ba ta kallon abin da ka biya, farashinta take kallo. Ga likitan da na gani, farashin nan yuro 23 ne: kashi 70 nasa 16 da santim 10, a cire 2, ka ga inda 14 ɗin ta fito. Inshorata ta ƙari kuma an rubuta mata "100%", abin da na ɗauka yana nufin komai da komai. Ashe ɗari bisa ɗari na yuro 23 ake nufi, har da abin da gwamnati ta riga ta biya a ciki. Yuro 6 da santim 90 kawai ta cika, yuro 49 suka tsaya a kaina. Da kwangilar 200% ce, da an biya har zuwa 46. A ganina wannan salon rubutu bai yi wa baƙo adalci ba, don duk mai hankali in ya ga ɗari bisa ɗari zai ɗauka an gama magana. Amma haka tsarin yake, kuma rukunin kowane likita a bayyane yake tun wurin neman ranar ganinsa. A manyan birane irin su Faris, 'yan rukuni na 2 sun yi yawa cikin ƙwararru, saboda haka tambayar ta zama dole.

Abu na biyu da dattijon ya matsa mini a kai shi ne zaɓen likita na kai, wanda za a yi wa rajista da sunanka. Shi ne zai tura ka wurin ƙwararre. In ka tsallake shi, ko ba ka da shi, kashi 70 ya sauko zuwa 30, kuma mutuelle ba ta cike wannan tarar. Likitan ido, likitan mata da na haƙori ana iya zuwa wurinsu kai tsaye. Samun likitan da zai karɓi sabon mutum ba ƙaramin aiki ba ne a wasu yankuna, gara ka fara nema tun kana da lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ita mutuelle ɗin, ban je kasuwa nemanta ba. Tun 2016 doka ta wajabta wa kamfanoni masu zaman kansu su yi wa ma'aikatansu, su biya aƙalla rabin kuɗin. Sai dai ka duba ko ta haɗa da mata da yara, don ba kowace ba ce. Mai ƙaramin ƙarfi kuma akwai ta tallafin gwamnati, Complémentaire santé solidaire, kyauta ko a kan abin da bai wuce yuro 1 a rana ba, gwargwadon abin da mutum yake samu da shekarunsa. Baƙi da yawa sun cancanta amma ba su nema, don ba wanda ya gaya musu. Wanda ya sayi tasa da kansa, ya tambayi ko akwai lokacin jira kafin ta fara biyan wasu abubuwa, ya kuma san cewa bayan shekara ɗaya yana iya barinta duk ranar da ya ga dama.

Amfaninta na gaske ba a wurin yuro 9 na ganin likita yake ba. A kwanciya asibiti gwamnati kan biya kashi 80, kuɗin kwana na kullum da ɗakin mutum ɗaya kuwa ba ta biya. Aikin haƙori tun Oktoba 2023 kashi 60 take bayarwa, tabarau kuma abin da take mayarwa bai taka kara ya karya ba. Da na buƙaci tabarau, sai na ce wa mai shagon ya nuna mini na tsarin 100% Santé, waɗanda dole ne ya ajiye su, kuma gwamnati da mutuelle ke biya tas. Ba a gaba-gaba ya jera su ba, suna can gefe, amma firam ɗin ba laifi, kuma ban cire ko santim ba.

Yanzu a kantin magani katuna biyu nake miƙawa, Vitale da na mutuelle, in karɓi magani in tafi. Yuro 1 da ake cirewa a kan kowane kwali daga baya suke zare shi cikin kuɗin da za su mayar mini. In kuma likita ya ce a yi aiki mai tsada, haƙori ne ko tiyata, ina neman ya rubuta mini ƙiyasin kuɗin, in tura wa mutuelle, su faɗa mini a rubuce nawa za su biya kafin in amince da ranar.