Naman tulu da gangar halay: darenmu a Avanos

Da an sallame azahar muke toshe bakin tulu. Baƙi ba sa isowa sai bayan magariba, amma abincinsu yana kan wuta tun suna can suna ɗaukar hoto a duwatsun Goreme. Sana'ata ke nan a garin Avanos, cikin yankin Kapadokiya na ƙasar Turkiyya: shirya wa matafiya dare guda na abincin gargajiya da raye-rayen ƙauyukan Turkawa, a wani zaure da aka sassaƙa cikin dutse.

Karatu ya kawo ni Kayseri, wankin kwano kuma ya kawo ni Avanos lokacin hutu. A nan na faɗa hannun wani dattijo mai dafa abinci da kowa ke kira Usta, wato gwani. Ni kuwa "oglum" yake ce mini, ma'ana ɗana, ko da yana cikin yi mini faɗa. Na yi wata shida ban taɓa nama ba, daga ɓare tafarnuwa sai jiƙa tuluna. Ranar da na fara ganin murhunsa na ce, "Usta, ai wannan tanderu ne, a cikinsa ake gasa gurasa a garinmu." Ya ce su tandir suke cewa. Muka yi ta dariya, daga ranar ya fara sakin jiki da ni.

Abin da muke tinƙaho da shi sunansa testi kebabi. Testi shi ne tulu, irin mai siririn wuya. Maginan Avanos da jan yumɓun kogin Kizilirmak suke gina shi, kogin da ya ratsa tsakiyar garin. Ana yanka naman rago ƙanana, a haɗa da tumatir, koren tattasai, tafarnuwa mai yawa, ƙananan albasa, man shanu da ɗan kitsen jelar rago. Ba a zuba ruwa ko cokali ɗaya. Tumatir a ƙasa don kada naman ya kama, sauran a sama, sannan a liƙe bakin da kwaɓaɓɓiyar fulawa. Namu awa huɗu yake yi a garwashi, ana juya shi kaɗan-kaɗan. Ba ka ganin abin da ke ciki, sai dai kunne da hanci. Usta yakan kara kunnensa kusa da tulu ya ce, "Saura." Na ɗauki shekara biyu kafin na gane abin da yake saurare: tafasa ce ke sauya murya, daga ɓararraka zuwa wani ɗan gunaguni mai kauri, alamar romo ya haɗe.

To, a nan ne raina ke ɓaci. Wasu gidajen da safe suke dafa nama a babbar tukunya, da yamma su ɗura a tulu, su liƙe, su kunna masa wuta a faranti su kawo gaban baƙo. Baƙo ya ga harshen wuta ya zaro waya, an gama da shi. Mai son ganewa ya dubi fulawar bakin tulun. Idan fara ce fat mai taushi, tulun bai ga garwashi ba. Ta gaskiya takan ƙone ta yi tauri har sai an ɓanɓare. Naman da ya nuna a cikin yumɓu kuma yana da wani ƙamshin ƙasa, wanda duk ya taɓa shan ruwan randa ya san shi.

Kafin tulu ya fito muna buɗe ciki da miyar marjimek, wani ɗan jan wake ne falle-falle, a matsa mata lemon tsami. Sai ƙananan faranti na meze: ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki, kindirmo mai tafarnuwa da na'a-na'a, da ezme, dakakken tumatir da barkono, wanda mutanenmu ke fara cinyewa don shi kaɗai ke tuna musu gida. Manti kuma matan Kayseri ke naɗa mana, 'yan ƙananan ƙulli na fulawa da nama a ciki. Mutanen garin suna cewa gwanar mace ita ce wadda 40 nata za su shiga cokali ɗaya. Namu ba su kai haka ba, amma ba su da nisa. Giya ba ta shiga zaurenmu. Ayran muke bayarwa, wato nono da aka tsinka da ruwa da gishiri, kuma kusan duk Hajiyar da ta kurɓa sai ta ce a miƙo sukari. Na daina gardama, ina ajiye shi a gefe.

Rawa takan fara ne da halay. Ganga ce babba mai suna davul, da zurna, wadda duk Bahaushen da ya ji sai ya ce algaita. Ana jeruwa a saƙala ƙananan yatsu, na gaba yana kaɗa hankici, shi ke jan layi. Daga nan sai rawar da ake kira horon, ta mutanen Bahar Aswad, wajen Trabzon, da ɗan gogensu mai tsirkiya uku, kemenche. Kafaɗa ke karkarwa da sauri, har wasu na cewa kwaikwayon kifin hamsi ne in ya faɗa taru. Akwai ta cokulan katako irin ta wajen Konya da Silifke, biyu a kowane hannu.

Wadda ta fi kwanta mini ita ce zeybek, ta yammacin ƙasar, wajen Aydin. Mutum ɗaya ne zai fito, ya buɗe hannuwa kamar gaggafa, ya taka a hankali, ya dire gwiwa ƙasa ya miƙe ba tare da ya ko girgiza ba. Wanda ke yi mana ya haura shekara 50, a wurin kakansa ya koya, kuma ba ya murmushi sai ya gama. Masu araha ɗalibai huɗu suke ɗauka, su riƙa sauya riga suna taka abu ɗaya da sunan yanki biyar, kiɗa kuma daga na'ura. Ni makaɗa nake biya masu rai, shi ya sa in wani Alhaji ya ce, "Haba ɗan'uwa, can ƙasan titi rabin wannan kuɗin ne," sai in ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne, sai dai ka tambaye su ƙarfe nawa suka rufe tulu." Yawanci 'yan kasuwarmu ne da suka gama saro kaya a unguwar Laleli ta Istanbul suka zo hutun kwana biyu, ciniki ya riga ya zama jini.

Ana yawan tambayata sema, juyin nan na darwishan Maulana Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a Konya a 1273. Ba na sa shi tsakanin miya da nama. Zikiri ne, ba a yi masa tafi, ba a tauna abinci a gabansa. Mai so ina nuna masa inda ake yi da ladabinsa.

Fasa tulu ni nake yi da hannuna. Da bayan wuƙa ake zagaya wuyan ana ƙwanƙwasawa, sai ya fita a bugu na ƙarshe. Karona na farko na ragargaza shi, yumɓu ya cika naman baƙi shida, Usta bai ce uffan ba, ya miƙo mini tsintsiya. Har yanzu nakan ƙwanƙwasa kowane tulu in ji amonsa kafin in karɓa, tun da wani magini ya taɓa kawo mana waɗanda ba su gasu ba, tara suka tsage a wuta dare ɗaya.

Da baklava muke rufewa, wani kayan zaƙi mai fistik, 'yar ƙwayar itace mai kama da gyaɗa daga garin Gaziantep, da shayin Rize a ƙananan kofunan gilashi. Mai son zuwa ya sanar da mu kafin azahar, don ba ma rufe tulun da ba shi da mai shi. Wuyan da aka fasa kuma naka ne, muna wanke shi mu naɗe maka a takarda.