Ƙanina ya cike JAMB

Yau na raka ƙanina cike fom ɗin JAMB, duk hanya ina ta nanata masa maganar Baba cewa likitanci zai saka, shi kuma "to Yaya" kawai yake ce min. Da aka zo gurin zaɓen kos mai kwamfutar ya ɗago ya ce me za a sa, yaron nan ko kallona bai yi ba ya ce likitan dabbobi, ABU Zariya. Wallahi har na buɗe baki zan yi magana sai na tuno shi yana ɗan firamare, a tsugune bayan ɗakin Inna yana ɗaure wa tattabara karyayyar ƙafa da tsinken tsintsiya da zare, kullum da asuba sai ya leƙa ta kafin ya karya, kai ko akuyar maƙwabta ce ta ƙi cin dusa shi ake aikowa a kira. Sai na yi shiru.

Karatun nan shekara 6 ne fa, kuma shi zai zauna ya yi ba mu ba. Yanzu dai tunanina yadda zan shawo kan Baba da daddare, don ni kam ina bayan yaron nan.