Muryar da ni ba na ji

A watannin da na yi a sashen masu taɓin hankali lokacin da nake karatun aikin jinya, kuskuren da na fi maimaitawa shi ne gardama da majinyata. Akwai wani saurayi da likitoci suka tabbatar yana da sikizofireniya, wato wani nau'in taɓin hankali da kan sa mutum ya riƙa jin muryoyin da wasu ba sa ji. Yakan toshe kunnuwansa da tafin hannu da zarar an tayar da janareto, kuma kusan kowace safiya yakan ce mini, "Malam, jiya ma sun kwana suna zagina." Ni kuwa sai in ce masa babu kowa a ɗakin, a ganina taimakonsa nake yi. Mahaifiyarsa ta tabbata iska ce ta taɓa shi, ni ina ganin ruɗin tunani ne kawai, kuma a cikinmu babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda ƙwaƙwalwarsa take karɓar sauti.

Darasin da ya fara gyara mini fahimta shi ne na talamus, wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa wanda saƙonnin gani da ji da taɓawa da ɗanɗano suke bi ta cikinsa kafin su isa inda ake fassara su, ban da na shaƙa. Ƙwaƙwalwa mai lafiya tankaɗe take yi ba dare ba rana, shi ya sa wanda gidansa yake kusa da injin niƙa yakan daina jin ƙararsa har sai baƙo ya yi ƙorafi. Tun a 1961 wasu masana biyu, McGhie da Chapman, suka rubuta yadda masu wannan ciwo a farkon kamuwa suke kukan cewa kowane sauti yana shigo musu da ƙarfi ɗaya. Daga baya, a 1982, masu bincike a Kolorado ta Amurka suka auna hakan da na'ura: ana sa wa mutum ƙara biyu a jere, rabin daƙiƙa tsakaninsu, sai a ga ƙwaƙwalwar mai lafiya ta rage martani sosai a kan ta biyun, alhali a wajen masu sikizofireniya da yawa raguwar kaɗan ce. Da na karanta wannan sai na tuna da hannayen saurayin nan a kan kunnuwansa, na ji nauyin abin da na riƙa gaya masa.

Batun muryoyin ya fi ba ni mamaki. Mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli, domin ƙwaƙwalwa tana sanar da sassan ji cewa wannan motsi daga gare ta yake. Masana da dama suna ganin irin wannan sanarwa ce take raunana, har zancen zuci ya riƙa zuwa wa mutum kamar maganar wani daban, kuma hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna sashen jin sauti yana aiki a daidai lokacin da majinyaci yake cewa yana jin murya. Ashe saurayin nan ji yake yi da gaske, ni ne nake ƙaryata shi a kan abin da ya fi ni sani.

Ba na ganin wannan bayani ya ƙare komai, domin gado daga iyaye da sinadarin dofamin na ƙwaƙwalwa da shan wiwi da matsin rayuwa duk suna da hannu, kuma magani ne ya fi komai rage masa muryoyin. Amma aikina ya canja. Na nemi izini aka ɗauke gadonsa daga tagar da ke kallon janareto, na rage murya idan ina masa magana, na kuma koyi tambayar da ta fi muhimmanci ga tsaron rayuwarsa, wato ko muryoyin suna umartarsa ya cutar da kansa ko wani. Ranar da na fara tambayarsa abin da suke cewa, ya daɗe yana kallona, sannan ya sauke hannayensa ya ce su uku ne, kuma ɗayar ta mace ce.