Sarauniyar da ta ƙi a rufe mata keken doki

Jiya da daddare na ci karo da tsohon bidiyon naɗin Sarauniya Elizabeth a Landan, ranar 2 ga Yuni 1953. Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya, manyan baƙi duk an ja musu rumfar kekunan dokinsu. Sai ga wata doguwar mace a buɗaɗɗen keke, ta jiƙe sharkaf, tana murmushi tana ɗaga wa jama'a hannu. Salote Tupou ta Uku ke nan, Sarauniyar Tonga, tsibiran da ke can kudancin Tekun Pasifik.

Ta ƙi a rufe ne saboda a al'adarsu ba ka fakewa a gaban wanda kake girmamawa. Wallahi abin ya taɓa ni, har na kasa barci sai da na nemi tarihinta.

Tana da shekara 18 ta hau gadon sarauta a 1918, kuma a shekarar annobar mura ta shiga Tonga ta kashe mutane da yawa. Yarinya ƙarama, ga makoki ko'ina, ga Turawan Ingila da ƙasar ke ƙarƙashin kariyarsu. Duk da haka ta riƙe mulki shekara 47, ta sasanta rikicin coci-coci, ta tsaya kan ilimin mata. Abin da ya fi burge ni shi ne da kanta take tsara waƙoƙi da harshen Tonga, ta kuma sa aka rubuta salsalar gidaje da al'adu don kada su ɓace.

Ta rasu a Okland ta ƙasar Niyu Zilan a Disamba 1965, ɗanta Tupou na Huɗu ya gaje ta.