Mama, Kaka, Dada: Abin da Nazarin Harsuna Ya Koya Mini

A ƙasar Jojiya, wadda ke maƙwabtaka da Rasha da Turkiyya, idan yaro ya ce "mama" mahaifinsa yake kira. Uwa kuwa "deda" ce. A harshen Hindi "mama" kawu ne, ɗan'uwan uwa. A Latin "mamma" nono ne, kamar yadda mu ma muke cewa jariri yana shan mama. "Kaka" da muke kiran iyayen iyayenmu, a Suwahili wa ne, wato babban ɗan'uwa namiji, a Bengali kuma ƙanen uba. "Dada" uwa ce a wurin Fulani, 'yar'uwa ce a Suwahili, a Hindi kuma kakan wajen uba.

Lokacin da nake karatun kimiyyar harshe a jami'a, babu darasin da ya zauna mini a rai kamar bayanin wannan lamari. George Murdock, masanin al'adun al'ummomi, ya tattara irin waɗannan kalmomi daga ɗaruruwan harsuna a 1959, sai masanin harshe Roman Jakobson ya fito da dalilin a 1960. Sautukan da bakin jariri ya fara iyawa su ne na leɓɓa da na tsinin harshe, wato m, b, p, d, haɗe da wasalin a. Shi gwalantunsa kawai yake yi. Manyan da ke kewaye da shi ne suke jin an kira su, kowace al'umma ta ɗora wa sautin ma'anar da ta ga dama. Shi ya sa sigar take ɗaya, ma'anar kuwa ta watsu.

Akwai kuma dacewa tsagwaronta. Masanin harshe R. M. W. Dixon ya tarar cewa a Mbabaram, wani harshen 'yan asalin Ostareliya, sunan kare "dog" ne, daidai da Turanci, alhali daga tsohuwar kalmarsu "gudaga" ya samo asali.

Abin da ya sa na damu da wannan shi ne yadda nake yawan ganin mutane masu kishin Hausa da gaske suna jero kalmomi biyar ko goma masu kama da juna, su yanke hukunci cewa daga wani harshe mai nisa muka fito, ko shi ya fito daga gare mu. Kishin abin yabo ne, amma hujjar ba ta tsayawa. Sautukan da bakin ɗan Adam ke furtawa kaɗan ne, harsunan duniya kuwa sun kai dubu bakwai. Dole a yi ta karo.

Kuma Hausa ba ta buƙatar dangin aro, tana da nata na haƙiƙa. Masanin harshe Joseph Greenberg ya sanya ta, tare da sauran 'yan'uwanta na kusa da ake kira harsunan Cadi, a gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harsunan Berber na Arewacin Afirka da tsohon harshen Masar. Shaidar tana cikin ƙashin nahawu, inda aro ba ya cika shiga. Muna cewa gidanka da gidanki, Balarabe ya ce baituka da baituki. Muna cewa ya da ta, shi ma ya ce yaktubu da taktubu. "Mutu" da "maut" tushensu ɗaya. "Littafi" kuwa, duk da kusancinsa da "alkitab", aro ne da ya zo tare da Musulunci da karatu.

Yanzu idan aka kawo mini kalmomi biyu masu kama, sai na fara tambayar tarihin kowacce a cikin harshenta, sannan in duba ko kamannin sun maimaitu a wasu kalmomin bisa tsari guda.