Gugan Magajiya a Ƙasar Gamzaki

Gadarif, Sudan, ranar Juma'a da dare, tsakiyar bazara.

Yau ma rabin hankalina yana ƙasar Gamzaki, masarautar da na ƙago da kaina nake kuma rubuta labarinta a wani tsohon littafin lissafi. Na fara ta ne saboda 'ya'yan yayata, waɗanda suka baro Wad Madani tare da mahaifiyarsu a watan Disamba na 2023, lokacin da yaƙi ya shiga garin, suka sauka a gidanmu. Da dare, idan an ɗauke wuta, sukan kewaye ni a tsakar gida suna neman tatsuniya, kuma da na Gizo da Ƙoƙi suka ƙare mini, sai na shiga gina musu wata ƙasa wadda ba ta cikin taswirar kowa.

Gamzaki ƙasa ce da babu kogi a cikinta, babu kuma rijiyar da ke kai mutane rani. Dukiyarta duka tana cikin kukoki, domin a cikin kututturansu ake adana ruwan damina. Dangi huɗu ne suka haɗu suka kafa ta: maƙera, makiyaya, mafarauta da manoma, kowane dangi da tsagarsa a fuska, da kirarinsa, da abokan wasansa. Kowa ya san abin da Bahaushe ke faɗa, cewa kuka gidan iskoki ce, saboda haka na sa kakannin Gamzaki suka ƙulla alkawari da iskokin kafin su fafe ko da guda ɗaya. Sharaɗin shi ne, muddin sarki yana riƙe da amana, ruwa ba zai ruɓe ba, ba kuma zai ragu ba sai gwargwadon abin da aka ɗiba. Ranar da ya ci haƙƙin talaka, ruwan ya fara janyewa.

Wannan sharaɗi shi ne ya tsayar da ni. Na kai labarin inda sarki na bakwai ya ƙwace kukokin makiyaya ya ba surukansa, ruwa ya fara sauka, sai na rasa wanda zai ce masa ya sauka daga gadon sarauta. Da hantsi mai ruwa ya zo da amalanken jakinsa, na tsaya ina kallon yadda yayata take ƙirga jarkoki tana ware na sha da na wanki, tana gargaɗin yara kada a zubar da ko kofi ɗaya. Duk wanda ya zauna a Gadarif ya san cewa dawa da riɗi sun yalwata a nan, amma ruwa abin lissafi ne. Abin da nake rubutawa bai yi nisa da ƙofar gidanmu ba.

Bayan an sauko daga masallaci na biya wajen Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota tsakanin Umdurman da garin Nuhud a yammacin Kurdufan. Na same shi a ƙarƙashin rumfa yana soya 'ya'yan gahawa a kasko, ƙamshi ya cika gidan. Na ce masa, "Baffa, ku da kuka ga kukokin Nuhud da idonku, ku ba ni labarin yadda ake zuba musu ruwa." Ya ajiye kaskon ya yi mini bayani dalla-dalla. Ana fafe kututturen ne daga sama, ta wurin da rassa suka rabu, a bar ƙofa daidai shigar mutum. A gindin itacen ana share fili a yi masa kwari domin ruwan sama ya taru, sannan mutum ya hau da guga da igiya, yana jawowa yana juyewa a ciki har ya cika. Kowace kuka tana da mai ita, da yawa suna da sunayensu, ana gadonsu kamar gona, ana kuma yin shari'a a kansu.

Da na gaya masa sharaɗin iskokin, sai ya daɗe bai ce komai ba, yana daka gahawar a ɗan turmi. Can ya ce, "Ɗana, idan ruwa ya janye saboda laifin sarki, wa zai fara jin ƙishirwa? Sarki yana da randuna a ɗaki. Jaririn makiyayi ne zai fara mutuwa." Wannan magana ta shiga raina ƙwarai, domin ita ce gaskiyar da muka gani da idonmu a wannan yaƙi: waɗanda suka hura wutar ba su ne suke kwana a azuzuwan makarantu ba. Na ce masa ba zan cire sharaɗin ba, zan bar shi da ɗacinsa, domin iskoki ba su san bambancin mai laifi da marar laifi ba, sun san alkawari kawai. Amma ke nan dole a sami ɗan Adam wanda zai tsaya kafin abin ya kai ga jarirai.

Da la'asar na koma kan abin da na sani na tarihi, domin na fi son masarautar da aka ƙaga ta sami ƙashin baya irin na waɗanda suka rayu. Abin da ke ɓata mini rai a yawancin ƙasashen almara da ake danganta su da Afirka shi ne, ba ka ganin komai sai gashin jimina da māsu da rawa a gaban wuta, babu mai tambayar wa ke karɓar haraji, wa ke yanke hukunci, wa ke iya ce wa sarki a'a. Alhali kuwa kakanninmu sun yi tunani mai zurfi a kan wannan. A Kano, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano. A nan kusa da mu, daular Funj da Amara Dunƙas ya kafa a Sinnar a 1504 tana da wani bafade mai sarautar Sidil Ƙaum, wanda wani matafiyi Bature da ya zo garin a 1772 ya ruwaito cewa shi ke zartar da hukuncin kisa a kan sarki idan manyan ƙasa suka yanke. Sai dai Sinnar ɗin ce ta nuna haɗarin abin: a 1762 Muhammad Abu Likailik ya tuɓe Sarki Badi na huɗu, daga nan mulki ya koma hannun wazirai, sarakuna suka zama suna kawai, har rundunar Masar ta shigo a 1821. Mai ikon tuɓe sarki, idan ba a ɗaure masa hannu ba, shi ma sarki ne.

Ga abin da na tsayar. A Gamzaki akwai Magajiyar Kukoki, tsohuwa wadda dangi huɗu suke zaɓa bi da bi, ba ta da dogari ko ɗaya. Kowace safiya tana zura igiya mai ƙulle-ƙulle a babbar kukar fada, mai shela ya faɗi a kasuwa ƙulli nawa ne ya jiƙe, domin kada wani ya ɓoye wa jama'a gaskiya. Ita da iyalinta su ne na ƙarshe wajen ɗibar ruwa, saboda haka ƙishirwa tana isa gidanta tare da ta talakawa. Idan ruwa ya sauka ƙulli uku, sai ta tara shugabannin dangi, in sun amince ta ɗauki busasshen guga ta ajiye a ƙofar sarki, a kife tambura. Amma a ranar da sarki ya fita daga gari, ita ma ta sauka, kuma babu wani jininta da zai shiga neman gadon sarauta.

Bayan isha'i na ba yara wannan babi. Ƙaramin ya fi damuwa da iskokin, yana son ya san ko suna da ƙaho. Babbar kuwa, wadda ta isa ta tuna hanyar da suka biyo daga Madani, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce, "Kawu, to idan sarkin ya ƙi, ya sa dogarai su kama tsohuwar fa?" Na ce mata haka ma zai yi, domin sarki na bakwai ba mutumin da guga zai kora ba ne. Ta ce to maƙera su daina ƙera masa māsu, makiyaya su kore shanunsu daga bakin ganuwa, a ga abin da zai ba dogaransa. Na rubuta shawararta yadda ta faɗe ta. Gobe in Allah ya kai mu zan fara babin yajin maƙera, kuma na yi mata alkawarin ita za ta raɗa wa Sarkin Maƙera suna.